Wa Ke Magana? Matakan Tantance Mai Kira Kafin Kuɗinka Su Fita

Tun ranar 17 ga Nuwamba, 2015, da aka ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi, manomin fadamar Rima ya shiga wata harka da kakansa bai sani ba. Kafin a ba shi iri da taki, sai ya buɗe asusu, ya yi BVN, ya ba da lambar waya. A 2017 kamfanin WACOT ya buɗe masana'antar sarrafa shinkafa a Argungu, ga ta Labana a Birnin Kebbi, ciniki ya ƙara koma wa banki. Waɗanda suka rage kuma, irin su mai kifi da mai albasa da mai tuwo a tasha, ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ne ya koya musu tiransifa da ƙarfin tsiya.

Yau gumin shekara guda yana iya kwana a cikin waya. Wanda ke son ya raba ka da shi ba sai ya haura katanga ba, kira ɗaya ya ishe shi, muddin ka yarda cewa shi ne wanda ya ce shi ne. Ga yadda ake hana shi wannan yardar.

Mataki na farko: daina ɗaukar fuskar waya a matsayin shaida

Lambar da ke fitowa idan waya ta yi ƙara kamar sunan da ake rubutawa a bayan ambulan ne: mai aiko da wasiƙar ne ke rubuta shi, gidan waya kuwa kai saƙo kawai yake yi. An gina hanyoyin tarho tun zamanin da kamfanoni ƙalilan ne ke riƙe da su, kowa na gaskata abin da ɗan'uwansa ya miƙo masa. Da kira ya fara bi ta intanet, sai ya zama mai ɗan sani kan iya sa kowace lamba ta bayyana a wayar wanda ya kira, har da lambar banki, har da ta wanda ka adana da sunan "Yaya".

Abin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A 2017 da 2018 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi ta fama da masu sauya wa kiran ƙasashen waje lamba ya shigo kamar na cikin gida, don su kauce wa kuɗin da ake biya a kan kiran ƙetare, har ta hukunta wasu kamfanoni. Wanda ɗansa ke Saudiyya ya kira shi amma ya ga lambar Najeriya, ya riga ya ga aikin da idonsa. A Amurka sai da aka yi doka a ƙarshen 2019, aka tilasta wa manyan kamfanonin waya su fara amfani da wani tsari mai suna STIR/SHAKEN kafin 30 ga Yuni, 2021. A tsarin, kamfanin da kira ya fito daga gare shi yana ɗora masa hatimin kwamfuta, kamfanin da ya karɓa ya duba hatimin. Faransa ta bi sahu a Oktoban 2024. Ko a can ɗin, hatimin lamba yake tabbatarwa, ba ya tabbatar da halin mai riƙe da ita. Kiran da ke shigo maka a unguwar Gesse ko Badariya ta Birnin Kebbi kuwa ba ya zuwa da wata alama irin wannan da za ka duba.

Sai dai kada a zuzuta gwanintar 'yan damfararmu. Da yawansu ba sa wahalar da kansu da sauya lamba. Layi ne kawai suke saya, su sa masa suna a Truecaller, su ɗora tambarin banki ko hoton wani babba a WhatsApp. Truecaller, manhajar wani kamfani na ƙasar Suwidin, tana tattara sunaye ne daga abin da jama'a suka rubuta a wayoyinsu da abin da mai layi ya sa wa kansa. Idan ta yi ja ta ce lambar ta 'yan damfara ce, ka saurare ta. Idan ta nuna maka sunan banki, wannan bai isa hujja ba. Haka saƙon tes mai ɗauke da sunan banki a sama, shi ma ana ƙirƙirarsa. Farkon lamba ma ya daina nuna kamfani tun Afrilun 2013, da aka ba kowa damar ƙaura da lambarsa zuwa wani kamfanin. Haɗa layi da NIN da aka fara a Disambar 2020 yana taimaka wa masu bincike bayan ta faru, amma ba ya gaya maka komai a lokacin da wayar ke kunnenka.

Mataki na biyu: bar shi ya yi magana, kai ka riƙe bakinka

"Haba, ba ka gane muryata ba?" Da wannan tambaya aka ci mutane da yawa. Kai kuma don kada a ce ka manta da ɗan'uwa, sai ka ce, "Ko Alhaji wane ne na Kamba?" Shi ke nan, ka ba shi suna da gari, saura ya hau. Amsar ita ce: "Ban gane ba, wa ke magana?" Idan ya ci gaba da zolaya, ba shi da sunan da zai faɗa ne.

Wani kuma da shirinsa yake zuwa. Zai kira cikakken sunanka, ya faɗi bankinka, ranar haihuwarka, wani lokaci har BVN ɗinka lamba goma sha ɗaya cif. A nan zuciya kan kwanta, mutum ya ce ai in ba ma'aikacin banki ba wa zai san wannan. To, ka tuna takardu nawa ka cike a 'yan shekarun nan: na ƙungiyar manoma, na tallafi, na neman aiki, na makarantar yara, ga kwafin katin ɗan ƙasa da aka bari a shagon buga takardu, ga jerin sunaye da ake turawa a zaurukan WhatsApp. Da ɗan gari akan ci gari. Sanin bayananka na nufin sun faɗa hannunsa ne kawai. Abin da ya rage masa shi ne ɗan abin da babu shi a kowace takarda, kuma shi ya sa ya kira ka.

Ka kuma lura da gaggawa. "Za a rufe asusunka yau." "Sunanka ya fito a tallafi, ƙarfe huɗu za a rufe." "Kada ka kashe wayar." "Kada ka gaya wa kowa tukuna." Duk aikin gaskiya yana jure jinkirin minti goma.

Mataki na uku: kashe wayar, ka kira da kanka

Wannan shi ne ginshiƙin al'amarin, sauran matakan duk masu taya shi ne. Mai sauya lamba yana iya sa lambar banki ta fito a wayarka, amma idan kai ka danna lambar da hannunka, kiran banki zai tafi, ba wurinsa ba. Sharaɗin ɗaya ne: lambar da za ka kira ta fito daga wani wuri daban, ba daga bakinsa ba, ba daga saƙon da ya turo ba.

Idan ya ce daga banki yake, juya katin ATM ɗinka, lambar sashen kula da abokan hulɗa tana baya. Idan ya ce daga kamfanin layi yake, kira 300, lambar da NCC ta daidaita wa duk kamfanoni tun 2023, ko MTN kake ko Airtel ko Glo. Idan ya ce daga wata ma'aikata ko makaranta ko asibiti yake, tambayi sunansa da sashensa, sannan ka nemi wanda ka sani a wurin. Idan kuwa maganar kuɗi ce mai kauri, taka ka je. Daga Argungu zuwa Birnin Kebbi tafiyar sa'a guda ce ko ƙasa da haka, kuɗin motar bai kai kuɗin buhun shinkafa ba.

Idan ɗan'uwa ne ko abokin ciniki ya kira da sabuwar lamba, ya ce wayarsa ta faɗa gulbi ko an sace ta a kasuwa, fara kiran tsohuwar lambar. In ba ta shiga ba, kira matarsa, ko ƙaninsa, ko maƙwabcin rumfarsa. A nan ƙasar Kabi da Gwandu muke da abin da mutanen manyan birane suka rasa: da wuya a ambaci mutum a rasa wanda ya san wanda ya san shi. Kira biyu ko uku sun isa a gano ko wane yana gida lafiya ko yana hanyar Jega. Hanya ta biyun nan tana da muhimmanci ko da kiran ya fito daga ainihin lambar mutumin, domin ana sace waya, ana kuma ƙwace WhatsApp ɗin mutum a riƙa roƙo da sunansa.

Abin da ke hana mutane wannan mataki ba rashin wayo ba ne, kunya ce. An tarbiyyantar da mu a kan ba a katse babba, ba a tambayar malami hujja, ba a cewa suruki "tsaya in bincika". Ɗan damfara ya san wannan sarai, shi ya sa yake zuwa da rigar manya: daga fada, daga gidan gwamnati, daga ofishin ɗan majalisa, daga wurin wani shehi. A ganina, girmamawar gaskiya ita ce ka hana a ci mutuncin babba da sunansa. Kuma akwai yadda ake faɗa ba tare da an saɓa ladabi ba:

"Ranka shi daɗe, ba na jin ka sosai, bari in kira ka yanzu."

"Allah shi gafarta Malam, kuɗin na hannun yaro, zan turo shi ya kawo har gida."

"Hajiya, ki yi haƙuri, ba na yin maganar banki a waya. Gobe zan shigo ofis in sha Allahu."

Mutumin kirki zai ce to. Wanda ya fusata, ko ya fara rantse-rantse, ko ya ce ba sai ka zo ba, ya amsa maka tambayar da ba ka yi ba.

Mataki na huɗu: abubuwan da ba a faɗa wa kowa a waya

Lambar sirrin katinka. Lambobin da ke gaban katin, da ranar ƙarewarsa, da guda ukun da ke baya. Lambar sirrin tiransifa. Lambar OTP da banki ke turowa. Lambobi shida da WhatsApp ke turowa. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayar lambar sirri ko OTP, domin aikinsa ba ya bukatarsu. Wanda ya ce ka karanto masa lambar da ta shigo yanzu don ya "sabunta BVN" ko ya sa ka a taron ƙungiya na intanet, yana tsaye ne a ƙofar asusunka, mabuɗi yake jira.

Saƙonnin nan da Turanci suke zuwa, kuma yawanci a cikinsu an rubuta kada a gaya wa kowa. Wanda bai iya karantawa ba ya kashe waya tukuna, ya kai wa ɗansa ko wanda ya amince da shi ya karanta masa, ba mai kiran ne zai fassara masa ba.

Kada kuma ka danna wasu lambobi da wani ke karanto maka. Waɗanda suka fara da **21* ko *21* suna karkatar da duk kiranka zuwa wata waya, daga nan sai ya nemi WhatsApp ya karanto lambar shiga ta kiran murya, ta faɗa kunnensa. Don ka duba ko an karkatar da naka, danna *#21#. Don ka soke kowace irin karkatarwa, danna ##002#.

Mataki na biyar: murya ma ta daina zama hujja

A 2019 an kwaikwayi muryar wani shugaban kamfani da kwamfuta, aka sa manajan reshensu na Ingila ya tura Yuro dubu 220. A farkon 2024 a Hong Kong, wani ma'aikaci ya tura kusan dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da ya ga fuskokin manyansa, alhali duk ƙirar kwamfuta ce. Mu da muke tura saƙon murya a WhatsApp fiye da rubutu, muryoyinmu na yawo a wayoyin da ba mu san adadinsu ba. Ko babu kwamfuta ma, kuka da hayaniya da "sabis ba kyau" sun isa su ɓoye murya.

Kiran da ya fi wuya shi ne na tashin hankali: ɗanka da ke karatu a Kwalejin Waziri Umaru ya yi hatsari, ana bukatar kuɗin jini yanzu, ko ƙaninka na hannun 'yan sanda, ko an ɗauke wane. A jihar da aka sace ɗaliban makarantar tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, babu uban da zai ji irin wannan ya ce wasa ne, kuma bai kamata ya ce ba. Abin yi shi ne a raba aiki. Kai ka ci gaba da sauraro, ka yi wa na kusa da kai alama ya kira yaron a wata wayar, ko abokin ɗakinsa, ko wani ɗan'uwa da zai iya isa asibitin da aka ambata. Ka ce a ba shi wayar ku yi magana. Sannan ka yi tambayar da ɗan gida ne kaɗai zai amsa: sunan da kakarsa ke kiransa da shi, ko abin da aka dafa ranar da ya tafi. Kada ta zama abin da ke Facebook. Gidan da ya zauna tun yau ya ajiye wata kalma tsakaninsa, ta ranar irin wannan, ya rage wa kansa aiki. Idan abin ya tabbata gaskiya ne, lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Mataki na shida: karanta sunan asusu kafin ka danna

Duk tiransifa, ko a wayarka ko wurin mai POS, tana nuna sunan mai asusu kafin kuɗi su fita. Tsaya ka karanta, ko ka ce mai POS ya karanto maka da ƙarfi. Wanda ya ce shi yayanka ne amma sunan wani baƙo ya fito, zai ce asusun abokinsa ne, nasa ya sami matsala. Ma'aikatun gwamnatin tarayya kuwa tun 2015 ta asusun bai ɗaya suke karɓar kuɗi, ba ta asusun wani mutum ba. Kujerar Hajji ta hukumar alhazai ta jiha ko kamfanin da hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta ba lasisi ake biya. Aikin gwamnati da tallafi ba a sayen gurbinsu a waya, wanda ya biya kuma ba shi da bakin kai ƙara da ƙarfi, abin da ɗan damfarar ya dogara da shi ke nan. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Akwai mai kira yana marairaicewa, wai ya turo maka kuɗi bisa kuskure, ga alat ma ya shigo. Duba abin da ke cikin asusunka ta manhajar banki ko lambar bankin da ka saba dannawa. In kuɗin sun shigo da gaske, banki za ka je a mayar ta hanyarsa. Dillalin shinkafa ma haka: kada mota ta tashi da kaya a kan hoton rasit.

Mutanen Kamba da Kangiwa da Bagudo ba za a ce musu su ƙi ɗaukar lambar waje ba, domin dangi da abokan ciniki na Nijar, mai +227, da Benin, mai +229. Amma filashin daga lambar wata ƙasa da ba ka da kowa a cikinta, kada ka bi shi. Akwai layukan da aka tanada don su cinye katin wanda ya kira. A duba da kyau: Najeriya +234 ce, +243 kuwa Kwango ce.

Mataki na bakwai: shirin da ake yi tun kafin kira ya zo

Sa wa layinka lambar sirri ta SIM, don ɓarawon waya kada ya cire shi ya sa a wata wayar ya shiga bankinka. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp. Tura STOP zuwa 2442 don rage saƙonnin talla, ko da yake wannan ba ya hana ɗan damfara. Layin da ka daina amfani da shi, je banki a cire shi daga asusunka, domin kamfani na sake sayar da layin da ya daɗe a kashe. Idan kuma sabis ya ɗauke a wayarka kai kaɗai alhali na kusa da kai suna da shi, kada ka jira gobe, mai yiwuwa wani ya yi welkam-bak da layinka, wato ya karɓi sabon SIM da lambarka. Ari waya ka kira kamfanin da bankin.

Idan an riga an ci ka

Mintunan farko su ne masu tsada, domin kuɗin sata ba sa kwana a asusu ɗaya. Toshe asusun nan take. Bankuna da dama na da lambar da ake dannawa ko a wayar wani: Zenith *966*911#, Access *901*911#, First Bank *894*911#. Tambayi bankinka tasa tun yanzu. Daga nan ka kira banki ko ka je, ka ba su lambar asusun da kuɗin suka tafi da lokacin, ka nemi su tuntuɓi ɗaya bankin a riƙe kuɗin, ka kuma karɓi lambar kokenka. Idan sun wuce makonni biyu ko kwana talatin, gwargwadon irin koken, ba su warware ba, kana da damar kai kuka sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki, wanda ke da reshe a Birnin Kebbi.

Kada ka goge komai: lambar da ta kira, saƙonni, rasit. Kai rahoto ofishin 'yan sanda. Ofishin shiyya na EFCC da ke Sakkwato shi ke kula da Kebbi da Zamfara. Matsalar layi da kamfani ya ƙi magancewa kuma a kira NCC a 622, kyauta ne. Idan WhatsApp ɗinka aka ƙwace, sa a sanar a zaurukan da kake ciki kafin a fara roƙo da sunanka.

Ka sa ran kira na biyu. Wani zai bugo ya ce shi jami'i ne, an kama ɓarayin, ka turo ɗan abin buɗe fayil a maido maka da kuɗinka. Su ne dai, ko waɗanda suka sayar wa lambarka.

Mutane da yawa kan yi shiru don kada a yi musu dariya a majalisa, sai lambar da ta ci su ta ci maƙwabci washegari. Shugabannin ƙungiyoyin manoma da na kasuwa, da limamai, da masu unguwanni, su riƙa faɗar lambar da salon damfarar a bainar jama'a ba tare da ambaton wanda aka cuta ba. Kai kuma mai karatu, ɗauki takarda yau ka rubuta lambar da ke bayan katinka da lambar toshe asusun bankinka da 300 da 622 da 112, ka ajiye ta wani wuri ba cikin wayar ba. Ka rubuta wa mahaifiyarka tata.